Kufan Kakanni: Wa Ke Ba da Izini, Wa Ke Karɓar Kuɗi?

(Jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a unguwar Talladje, cikin birnin Yamai)

 

Maganar yau ta kufai ce. Kowane Bahaushe ya san kufai: wurin da gari ya tashi ya bar fasassun tukwane, da duwatsun niƙa, da kaburburan waɗanda ba a ƙara tuna sunansu ba. Cikin maganar za a haɗa da tsofaffin masallatai, da fadojin sarakuna, da duwatsun da magabata suka yi wa zane. Tambayar kuwa ita ce: idan mai shirya silima, ko mawaƙi, ko telan da ke nunin tufafi, ko kamfanin da ke son talla, ya zo zai kafa kayan aikinsa a irin waɗannan wurare, wa ke da ikon ce masa bismilla, wa ke da ikon ce masa a'a, da wace hujja, kuma kuɗin da ya biya ina za su kwana?

Watakila wani ya ce, me ya haɗa Talladje da wannan zance, unguwar da ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada? Hanya ce ta haɗa su. Titin da ke zuwa filin jirgin sama na Diori Hamani ta nan ya bi. Baƙon da ya sauka da na'urar ɗaukar hoto ta gefen Talladje yake shiga gari, akwatin da zai fita ta jirgi kuma ta nan yake wucewa. Takardar da za ta buɗe wa baƙon ƙofa, ma'aikaci ne zai sa mata hannu. Abin da ke cikin akwatin kuwa, sau da yawa ta hannun ɗan kasuwa ya biyo. Saboda haka babu wanda ke zaune a nan da zai ce ba ruwansa.

A fara da Bura, domin a can ne ƙasar nan ta fara ɗanɗana kuɗarta. Bura na yankin Tera, cikin jihar Tilaberi. A 1975 aka yi kiciɓis da wasu kawunan mutum-mutumi na yumɓu a can. A 1983 masanin kufai Bube Gado, na cibiyar bincike ta IRSH da ke ƙarƙashin jami'ar Yamai, ya tona wurin da ake kira Asinda-Sikka. Cikin ɗan fili mai mita 25 a tsawo, 20 a faɗi, ya tarar da tuluna kimanin 630 a kife, kusa da juna, wasu da siffar mutane a jikinsu, ƙarƙashinsu kuma mamata. Maƙabarta ce ta wata al'umma da ta zauna a kwarin kogin Isa tsakanin ƙarni na 3 da na 13 na miladiyya. Daga cikin tarkacen aka harhaɗa mahayin dokin nan na Bura, wanda ya zama abin alfaharin Nijar.

A 1993 aka kai shi Paris, wurin babban nunin kayan tarihi mai suna Vallées du Niger, wanda daga baya ya zaga wasu manyan biranen Afirka ta Yamma. Duniya ta gani ta yaba. Dillalan kayan tarihi na Turai su ma sun gani, sun kuma yi lissafi. Kafin shekaru kaɗan ƙauyukan yankin sun cika da masu shebur da diga, talakawan da fari ya gallaba ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba, su fasa tulu su cire kan, su watsar da ƙashin. Mafi yawan maƙabartun Bura haka aka hargitsa su. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerin kayan Afirka da ake gargaɗin kowa kada ya saya. Nunin bai yi laifi ba. Laifin shi ne an yi shelar dukiya a kasuwar duniya alhali ba a sa mata mai gadi ba.

Wannan ɓarna tana cikin abin da ya haifi doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, zamanin shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara, game da kare kayan gadon al'adu na ƙasa, da adana su, da ɗaukaka darajarsu. Dokar zartarwa mai lamba 97-407 ta ranar 10 ga Nuwamba na shekarar ta biyo baya. Tun 1972 ma Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ke yaƙi da fataucin kayan tarihi. Dokar 1997 ta tanadi ƙidayar wurare da kayayyaki, da sa su cikin jerin waɗanda aka keɓe, ta hana tono ba tare da izinin hukuma ba, ta ɗaure fitar da kaya waje, ta kuma yanke hukunci ga wanda ya saɓa. Doka ce mai kyau, kuma kowane ma'aikacin duwan da kowane jandarma ya kamata ya san ta. Amma a lura da wanda ta fi sa wa ido: mai shebur da mai akwati.

Mai na'urar hoto dabam yake. Ba ya ɗaukar ko tsakuwa, yakan ma yi sallama ya bar wa yara tukuici, amma ya tafi da sura da suna, waɗanda a kasuwar zamani sukan fi tulun kansa tsada. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwa. Ya san buhun albasa in an ce ta Galmi ce, farashinsa ba ɗaya ba ne da na maƙwabcinsa, kuma saboda haka ne aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a hukumar OAPI, don kada wani ya ci da sunan da ba nasa ba. Hasumiyar Agadas a bayan hoton riga, ko raƙumin dawan Dabus a kan kwalbar turare, irin wannan suna ne.

Ba a yau aka fara ba. Ɗan Italiya Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani ɓangare na silimarsa ta 1990, wadda masu jin Faransanci suka sani da Un thé au Sahara, a cikin tsohon garin Agadas, har da gidan nan mai ado da ake kira gidan mai burodi. Shekaru da yawa bayan haka masu yi wa baƙi jagora suna kai su gidan suna ba da labarin silimar. Garin ya amfana, ba shakka. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin gadon duniya, da masallacinsa na farkon ƙarni na 16 da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27.

Dabus ya fi ban sha'awa, domin a can an yi abin da tsari. Dutse ne arewa da Agadas, kusa da hanyar Arlit, mai zane fiye da 800. Mafi girma cikinsu raƙuman dawa biyu ne da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, kuma masana na ƙiyasta musu shekaru dubu 6 zuwa dubu 8. Bafaranshe Christian Dupuy ya fara rubuta bayaninsu a 1987. A 1999 ƙungiyoyi biyu na waje, Bradshaw Foundation da Trust for African Rock Art, suka nemi izinin gwamnati, suka shimfiɗa wa dutsen wani irin roba mai laushi, suka kwafe zanen daidai da girmansa, aka zuba shi da sanholo. Kwafi ɗaya aka kafa a filin jirgin Agadas. Aka sa wa wurin masu gadi daga mutanen yankin, aka haƙa rijiya. A nan an ga izini, an ga abin da ya dawo gida. Sai dai tambaya ta rage, kuma tambayar ɗan kasuwa ce: wanda ke riƙe da mazubi, kwafi nawa ya halatta ya zuba, kuma na goma in an sayar, rabon wa ke ciki?

Sai kuma bikin nunin tufafi na FIMA. A Nuwamban 1998, shekaru uku bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen arewa, Alphadi ya tara manyan masu ɗinki na Afirka da na Turai a gindin dutsen Tigidit, kudu da Agadas, yankin da ke da zanen duwatsu da ƙasusuwan manyan dabbobin farko irin waɗanda yara ke zuwa kallo a gidan tarihi na Bubu Hama. Shugaban ƙasa ya ba da goyon baya, jirage suka sauka, duniya ta ga hamada ba bindiga. An ci riba ta suna, wannan gaskiya ce. A Nuwamban 2000 da aka kawo bikin Yamai, ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka yi zanga-zanga da ƙone-ƙone a Yamai da Maraɗi, gwamnati ta rushe wasu daga cikin ƙungiyoyin. Wannan karo ba a kan kufai aka yi ba, amma darasin ya shafi kufai. In ba a tanadi zauren da mai ƙorafi zai faɗi ƙorafinsa kafin a ba da izini ba, to a kan titi zai faɗe shi, kuma rumfar ɗan kasuwa ce ke fara cin wuta.

Yanzu a leƙa wata ƙasa da ta daɗe tana fama da wannan tambaya, wato Girka. An zaɓe ta ne don dalili biyu: kufaifanta su ne babban jarinta, kuma ta san talauci da bashi, ta san hannun masu ba da lamuni a wuyanta.

Tun 1834, ƙasar tana jaririya bayan fita daga mulkin Turkawa, aka kafa dokar da ta ce kayan tarihin da ke cikinta dukiyar dukan Girkawa ce. Suna da dalilin gaggawa: daga 1801 jakadan Ingila Lord Elgin ya kwashe sassaƙe-sassaƙen Partenon, tsohon ɗakin bautar da aka gina tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa a kan tudun Akropolis na birnin Atina, kuma har yau suna gidan tarihi na Landan. Dokar zamani ita ce mai lamba 3028 ta 2002, wadda aka zuba cikin kundi mai lamba 4858 a 2021. Aya ta 46 ita ce ta shafi zancen yau. Ta yarda a ba da aron wurin tarihi don wasa ko taro, da sharaɗin abin ya dace da matsayin wurin kuma ba zai cuce shi ba. Ɗaukar silima ko hoto don kasuwanci sai da izini, sai da biya, kuɗin kuma suna shiga asusu na musamman na kayan tarihi.

Wanda ke auna dacewar shi ne Babbar Majalisar Kufai, da ake kira KAS a taƙaice. Masana kufai ne, da malaman jami'a, da masu zanen gini, da masanin shari'a, ƙarƙashin babban magatakardan ma'aikatar al'adu. Shawara suke bayarwa, minista ke sa hannu. Amma shawarar tana fita fili, jaridu suna bugawa, don haka ministan da zai saɓa mata sai ya shirya amsa.

Kada a ɗauka Girkawa rufe ƙofa suke yi. Dandalin wasa na Epidaros, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin miladiyya, mai ɗaukar mutum kusan dubu 14, tun 1955 ake bikin wasan kwaikwayo a cikinsa kowace bazara, kuma shahararriyar mawaƙiya Maria Callas ta yi waƙa a can a 1960. A gindin Akropolis akwai wani dandalin na zamanin Rumawa, mai kujeru kusan dubu 5, inda mawaƙan duniya suka sha yin wasa. Sai dai sharuɗɗan sun kai har ƙafa: a 2009 aka hana shiga irin waɗannan wurare da takalmi mai tsinin dunduniya, don yana ƙwarzane dutse.

A 2012, bashi ya kai wa ƙasar iya wuya, ma'aikatar al'adu ta rage kuɗin ɗaukar silima a Akropolis zuwa yuro 1,600 a rana, wato miliyan ɗaya da ƴan kai na sefa. Yunwa ke karya farashi, kowane mai rumfa ya san haka. Amma ko da aka karya, an rubuta shi, an buga, kowa ya san abin da zai biya kafin ya taso daga gida. A Fabrairun 2017, ƙasar ba ta ko fita daga ƙangin masu lamuni ba, kamfanin Gucci na Italiya ya nemi ya yi nunin tufafi na ƴan mintoci a kan tudun, jaridu suka ruwaito tayin yuro miliyan 2 don gyaran wurin, wato fiye da miliyar ɗaya da miliyan 300 na sefa. Majalisar ta ƙi, baki ɗaya, ta ce abin bai dace da wurin ba. Kamfanin ya kwashi kayansa ya yi bikinsa a wata fada ta birnin Florence.

In an tsaya nan sai a ce Girkawa waliyyai ne. Ba haka ba ne. A Maris na 2018 majalisar ta hana BBC ɗaukar wani wasan talabijin a kangon ɗakin bauta na Suniyon, a bakin teku. Gwamnati, wadda a lokacin take zawarcin kamfanonin silima na waje, ta nuna fushinta a fili, aka rage yawan ma'aikata da kayan aiki cikin takardar neman izini, kafin mako biyu majalisar ta sauya magana. A 2021 aka bar kamfanin Dior ya ɗauki hotunan tufafi a Akropolis, ya kuma yi nuninsa a tsohon filin wasanni na marmara da ke Atina, mutane suka tambaya: me Dior ya fi Gucci? A Afrilun 2025 kuma ɗan ƙasa ne aka hana, Yorgos Lanthimos, mai shirya silimar da sunansa ya zaga duniya, wanda ya so ya shimfiɗa mutane kusan 70 kamar gawawwaki a kan tudun don ƙarshen silimarsa Bugonia. Masu fasaha da yawa suka ce majalisar ta wuce gona da iri, an ɗora ta ne ta tsare dutse, ba ta tace labari ba. Ƙorafin yana da ƙarfi. Kalmar dacewa roba ce, kowa na iya ja ta inda yake so, kuma majalisar masana na iya zama majalisar masu hana ruwa gudu.

Abin da ya faru wata guda bayan haka shi ya fi kamata ma'aikaci ya riƙe. A Mayun 2025 aka tashi ɗaruruwan ƙananan jirage marasa matuƙi da dare a sararin Atina, fitilunsu suka zana takalmin Adidas, daga wani gefen gari sai ka ce takalmin yana taka Akropolis. Gari ya ɗauka. Ministar al'adu Lina Mendoni ta ce ba a tambayi ma'aikatarta ba, ta kai ƙara. Kamfanin ya ce yana da takardunsa cif, kuma bai yi amfani da surar tudun ba. Takardun kuwa daga wasu ofisoshi suka fito: hukumar wani zauren taro na gwamnati ta ba da hayar fili a kan yuro 380, kimanin jika 250, hukumar jiragen sama ta ba da izinin tashi. Kowane ma'aikaci ya sa hannu a kan abin da ke gabansa, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi tudu.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Nijar ƙofofin da mai silima ko mai talla ke iya bi ba su da kaɗan: ofishin kula da kayan gado na ma'aikatar al'adu, cibiyar silima ta ƙasa CNCN da aka kafa a 2008, hukumar haƙƙin mawallafa BNDA wadda dokar 1993 da ta 2010 suka ba amanar al'adun gargajiya idan za a ci kasuwa da su, ma'aikatan gandun daji in wurin yana cikin keɓaɓɓen yankin Ayar da Tenere, sannan gwamna, da magajin gari, da sarki, da duwan a bakin fita. Gida mai ƙofa takwas, ɓarawo ba ya buƙatar tsani. Wanda aka hana a nan sai ya zaga can, wanda kuma ya zo da gaskiya sai ya gaji da yawo ya tafi Maroko. Dutsen nan da ya faɗo daga duniyar Mars ya isa misali: an tsince shi a jihar Agadas a Nuwamban 2023, nauyinsa ya kusa kilo 25, a Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York a kan fiye da dalar Amurka miliyan 5, sai bayan an buga ƙararrawa gwamnati ta buɗe bincike ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Abu mai nauyin rabin buhun siminti ke nan. Ina ga hoto, wanda ke fita ta wayar salula?

Abin da ya cancanci a ara daga Girka ba tsananinta ba ne, fitowa fili ne. A san zaure ɗaya da ake kai buƙata, a san waɗanda ke zaune cikinsa da sunayensu, a san kwana nawa za su yi kafin su amsa, in sun ƙi su rubuta dalili, in minista ya saɓa musu shi ma ya rubuta nasa. Wannan kariya ce ga ma'aikaci kafin kowa. Ƙaramin ma'aikacin da babba ya buga wa waya ya ce a ba wane takarda, in yana da farashi bugagge da shawarar majalisa a hannu, yana da abin da zai nuna. In ba shi da su, ranar da abin ya ɓaci sa hannunsa za a nemo, ba muryar da ta yi waya ba.

Sai dai zauren Nijar ba zai zama kwafin na Atina ba, domin akwai bambanci babba. Partenon ya daɗe da rasa masu bauta. Masallacin Agadas kuwa ana salla biyar a cikinsa, fadar Sarkin Abzin da ta Sarkin Damagaram gidajen mutane ne da iyalansu, Bura kuma kabari ne, ko da ba a san addinin waɗanda ke kwance ba. Masanin jami'a zai iya faɗin ko nauyin fitilu da janareto zai tsaga bango, amma ba shi kaɗai zai faɗi ko ya dace a yi rawa a ƙofar masallaci ba. Dole liman da sarki da mai unguwa su sami kujera, masu fasaha su ma su sami tasu, don kada zauren ya zama na masu cewa a'a kaɗai. Kuma iyakar aikinsa ta zama wurin da mutuncin mazaunansa. Labarin da silima ke bayarwa, ko ya yi wa hukuma daɗi ko bai yi ba, ba aikin masu tsaron kufai ba ne.

Batun farashi kuma yana son hankali irin na kasuwa, inda ba a yi wa mai sayen tiya ɗaya da mai sayen tirela ciniki iri ɗaya. Rahmatu Keita da ta kafa labarin silimarta Zin'naariyâ ta 2016 a masarautar Damagaram, ko Mdou Moctar da ya fito a silimar 2015 da aka ɗauka a titunan Agadas, ko samarin da ke ɗaukar waƙa da waya a gindin ganuwa, ba su ne kamfanin turare na Paris ba. Ɗan ƙasa da ke nuna gadon kakanninsa, in an ɗora masa kuɗin da ba zai iya ba, an kore shi ne daga gidansu, an bar wa mai kuɗin waje fili. Ɗalibi da malamin makaranta su shiga kyauta, ɗan wasan gida ya biya kaɗan, mai talla ya biya da yawa, kowa kuma ya ajiye kwafin abin da ya ɗauka a gidan tarihi na ƙasa, domin wata rana hoton ne kaɗai zai rage.

Wannan ba faɗa ba ce kawai. A farkon Satumban 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, cikin garin da ke jerin jiran UNESCO tun 2006. Mutane na tsaye suna ɗauka da waya har ya zube. Wanda zai sāke gina shi yadda yake, hotunan da aka ɗauka a baya zai nema, in an san inda suke.

A nan ne maganar inda kuɗi ke kwana ta zama babba. Kuɗin izini in sun faɗa babban baitulmali, sun shiga teku: albashi na jira, tsaro na jira, ba mai tuna bangon ƙasa a Agadas. Ya kamata kaso sananne ya tsaya a wurin da aka yi aikin, a hannun kwamitin da ke karanta lissafinsa a bainar jama'a kowace shekara, a biya mai gadi, a biya magina, a sayi itace da ƙasa kafin damina. Mutumin ƙauyen da ya ga tulun da ke binne yana kawo masa albashin gadi kowane wata, ba zai sayar da shi sau ɗaya a kan jika biyar ba. Yau baƙi sun yi ƙaranci a arewa saboda halin tsaro, masu silima na waje ba sa layi a ƙofar ma'aikatar al'adu, don haka babu mai matsa wa kowa lamba. Lokacin rubuta farashi da kafa zaure ke nan, tun ciniki bai buɗe ba. Hasumiyar Agadas dai ta ƙasa ce, itatuwan da ke fitowa daga jikinta matakan magina ne, kuma kowace damina sai ta ci rabonta a jikin yaɓen.